Injin da Na Shirya wa Hawan Mambila

Makon jiya wani saurayi ya shigo rumfata a nan Kura da sabon babur, ko ledar sirdi bai cire ba, ya ce in fasa masa salansa, wato bututun hayaƙi, in cire soson tace iska, wai ya gani a waya idan an yi haka babur yana ƙara gudu. Na tambaye shi ina za shi da yake neman gudu haka. Ya ce babu ko'ina, shi dai so yake idan ya murɗa totur a ji shi tun daga bakin titi. Na ce ya ƙara gaba, akwai masu yi. Ya tafi yana dariya.

Ku da kuke zama a bencin nan kullum da yamma kuna cewa gyaran babur ai kwancewa ne da ɗaurawa, ku nake so ku ji wannan. Ƙara wa inji ƙarfi da kuɗi kaɗan abu ne mai yiwuwa, na yi shi shekara da shekaru. Sai dai duk abin da ka ƙara a wani wuri, a wani wurin ka rage. Idan ka cire soson iska, inji zai yi numfashi da kyau na ɗan lokaci, sannan ƙasar hanyar gona ta shiga ta cinye fistin da zobensa. Idan ka fasa salansa, ƙara ka samu, jan da babur yake yi a giya ta ɗaya da ta biyu kuma ya tafi. Shi ya sa kafin in ɗauki sifana nake tambayar mutum inda za shi da abin da zai ɗauka.

Aikin farko da maigidana, Malam Tanimu, ya yarda na yi da hannuna shi ne niƙa bawul. Rumfarsa tana bakin kasuwar Bunkure. Da can mai gyaran keke ne, da ruwan kanal ya zo manoma suka fara noman rani suna sayen babur, sai ya koma gyaran babur. Na daɗe a wurinsa ba na yin komai sai wanke kayan inji a cikin kwanon kananzir. Ran nan ya miƙo mini kan inji da bawul biyu da ɗan gwangwanin man niƙa mai tsakuwa-tsakuwa, ya nuna mini yadda ake manna sanda a kan bawul a riƙa murzawa tsakanin tafin hannu, kamar mace tana burga miya. Na murza har tafina ya yi ja, na kai masa. Bai ko duba ba. Ya kifa kan injin, ya zuba fetur a ramin, muka zauna muna kallo. Can sai ga ɗigo ya tsattsafo. Ya miƙo mini ya ce in koma. Haka na yi ta komawa har fetur ya zauna a ramin bai sami hanya ba. Da aka ɗaura injin, mai babur ɗin ya zagaya kasuwa ya dawo yana tambaya ko sabon fistin aka sa masa. Ba a sa masa komai ba. Ƙarfin da yake tsiyayewa ne aka tare.

Kayan aikinmu ba su da yawa a lokacin. Sifana lamba goma wadda ba ta rabuwa da aljihu, sukundireba biyu, filaya, gudumar katako don kada a fasa alminiyam, da ma'aunin bawul, wasu siraran ƙarafa kamar ganyen reza da ake zurawa a ji tazarar. Malam Tanimu ba ya barin a buga komai da ƙarfi. Yakan ce idan noti ya ƙi kwancewa, a zuba masa mai a je a sha ruwa a dawo. Da ya sallame ni na dawo Kura na kafa tawa rumfar, kuma yawancin masu zuwa wurina manoma ne: masu ɗaura kwandunan tumatir, masu ɗaukar buhun taki, masu ɗora injin ban ruwa a baya suna bin bakin kanal. Sai malaman Islamiyya, su abin da suke so kawai kada babur ya sha mai. Babu wanda yake neman gudu a cikinsu. Ja suke nema.

Babur ɗin da ya fi koya mini wannan sana'a na Malam Hamisu ne. Manomin tumatir ne daga wani ƙauye tsakanin Bunkure da Kadawa, dogo, marar yawan magana, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Ya turo babur ɗin da hannu ranar da na fara ganinsa, don a gwanjo ya saye shi kuma bai tashi ba. Babba ne, ɗan Japan, irin na tafiya mai nisa, silinda ɗaya mai faɗin ciki, tanki kamar tulu, sirdi mai faɗi. Na ce masa wannan ya fi ƙarfin aikin gona, kayan gyaransa ma wahalar samu za su yi. Ya ce ba don gona ya saya ba. Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Yakubu, wanda ya tafi neman karatu tun suna samari, ya zauna a wani ƙauye gaba da Gembu a kan tsaunin Mambila, ya yi aure a can, yana koyar da Alƙur'ani. Yanzu idanunsa sun tafi, ba zai iya zuwa gida ba. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Mota tana tsayawa a Gembu, daga nan sai babur ko ƙafa. Shi ya sa yake so ya riƙa zuwa da abin hawansa duk shekara idan ya gama kwashe tumatir.

Ni ban taɓa wuce Zariya ba, dutsen da na sani kuwa bai wuce na Dala ba. Na tayar da babur ɗin, na niƙa bawul, na wanke kafireta, na sa sabon fulogi da baƙin mai, na gwada shi a titin Kura yana tafiya kamar ruwa. Na ce masa ya je, babu abin da zai same shi.

Da ya dawo ya zauna a bencin nan ya ba ni labari. Daga nan har Jalingo, har Serti, babur bai yi masa gardama ba. Da ya fara hawan dutsen sai ya soma tari, yana fitar da baƙin hayaƙi, idan ya murɗa totur sai ya yi kamar zai mutu. A wasu wuraren sai da ya sauka ya tura, da buhun shinkafa da busasshen tumatir na tsaraba a baya. Na kwance fulogi na ga ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na kasa gane dalili, don a nan fulogin nan ja-ja yake fitowa, kalar ƙasa. Na tafi Bunkure na tambayi maigidana, lokacin ya tsufa ya daina aiki. Ya ce ya taɓa ji daga wani direban babbar mota cewa a saman dutse iska ba ta da kauri, mutum ma haki yake yi. Idan iska ta yi kaɗan, man da kafireta take bayarwa ya yi wa inji yawa ke nan.

A cikin kafireta akwai wata allura mai tsaga-tsaga a samanta, da ɗan ƙarfe da yake riƙe ta. Idan ka matsar da ƙarfen tsaga ɗaya zuwa sama, allurar ta sauka ta rage mai. Wannan gyaran ko sisi ba ya ci. Amma idan na rage man tun daga nan, injin zai yi zafi a hanyar Gombe da Numan ya ƙone. Don haka Malam Hamisu na koya wa. Na shimfiɗa masa farin ƙyalle a ƙasa don kada ɗan ƙarfen ya faɗi ya ɓata, na sa shi ya yi ta kwancewa yana mayarwa har hannunsa ya saba. Manomi ne, yatsunsa kamar itace, sau da yawa ƙarfen yana tsalle mu bi shi da rarrafe. Muka yi da shi cewa idan ya isa gindin dutsen ya tsaya ya sauke allura, idan ya sauko ya mayar da ita.

A shekara ta gaba ya dawo ya ce tarin ya tafi, amma babur ɗin yana gajiya a hawa mai tsayi. Sai na canja faifan haƙoran sarƙa na baya, na sa mai ɗan girma. Na gaya masa gaskiya cewa gudunsa a kan kwalta zai ragu, mai ma zai ɗan ƙara sha, amma zai ja kamar sa. Wata shekarar kuloci ne ya riƙa zamewa, na sa wasu siraran zobban ƙarfe a ƙarƙashin sifirin ɗinsa suka ƙara masa tauri. Wata shekarar na zauna da samfefa na goge ramukan da iska take bi a kan inji, na cire duk wani kaushi. Salansa kuwa ban taɓa fasa ta ba, ƙona daskararren hayaƙin cikinta kawai nake yi in kakkaɓe. Birki ma na ƙara masa kyau, don ya ce saukowa ta fi hawa ban tsoro, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami, ga hazo yana rufe hanya da tsakar rana. Duk abin da na sani game da dutsen nan daga bakinsa na ji, da kuma kalar fulogi idan ya dawo. A haka muka yi ta yi, shekara bayan shekara, har ya zama yana hawa da kaya bai sauke ƙafa ba.

Malam Yakubu bai taɓa ganina ba, ni ma ban taɓa ganinsa ba, amma duk shekara yana aiko mini da gaisuwa da ƙullin ganyen shayi na can. Malam Hamisu ya ce tun babur yana can ƙasan kwari yayan nasa yake gane ƙararsa, ya ce wa iyalinsa su shimfiɗa tabarma, Hamisu ya iso. Shekarar da na goge ramukan iska, wai suna gaisawa ya ce, "Bakanikenka ya taɓa injin nan bana, muryarsa ta sake." Malam Hamisu ya sha ce mini wata shekara sai ya goya ni mun je tare. Ban samu zuwa ba. Lokacin tafiyarsa shi ne lokacin da manoma suke da abin gyara a hannu, rumfa ba ta rufuwa.

Sai shekarar da tsutsa ta shiga tumatir. Waɗansunku kuna yara lokacin. Wata 'yar mitsitsiyar aba ce da take shiga cikin ganye da cikin 'ya'yan. Gona tana kore shar, kafin ka ankara ta koma kamar an bi ta da wuta. Aka yi ta feshi, babu maganin da ya kama ta. Inda manyan motoci suke jerin gwano suna lodin kwanduna a wajen Kadawa ya zama fili, sai awaki. A rumfata mutane suka daina kawo gyara, sai dai su kawo babur su ce in nemo musu mai saye, mai sayen kuma babu, don kowa sayarwa yake. Wanda sarƙar babur ɗinsa ta tsinke sai ya ɗaure da waya. Na wuni a bencin nan ranaku da yawa ban taɓa sifana ba.

Malam Hamisu bai tsira da kwando ɗaya ba. Gonarsa tana kan tudu inda ruwan kanal ba ya hawa da kansa, sai da inji, to injin ban ruwan ma sai da ya sayar don a ci abinci a gida. Shekarar nan bai je Mambila a lokacin da ya saba ba. Babur ɗin da muka daɗe muna lallaɓawa ya mayar da shi na dako, yana ɗaukar wa mutane buhunan shinkafa shanshera daga ƙauyuka zuwa injinan casa na Kura, cikin taɓon damina, kaya har sun fi shi tsawo. Baƙin mai kuwa sai ya koma kamar kwalta kafin a canja. Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce ya sani. Ban sake ba, don ni ma na san abin da yake ciyarwa da shi. Kafin damina ta ƙare babur ya fara hayaƙi shuɗi, yana shan baƙin mai, idan ka taka kik don tayar da shi ba ka jin nauyi a ƙafarka.

Wajen ƙarshen damina wani ɗalibin Malam Yakubu ya fito Gembu inda waya take kamawa, ya kira ya ce jikin Malam ya yi nauyi, yana ta ambaton ƙaninsa. Malam Hamisu ya zo rumfata da hantsi, ya kafe babur, ya gaya mini. Muka fara duba maganar mota. Kuɗinta babu, babur ɗin kuma da za a sayar a samu kuɗin babu mai saye, ga shi an ce ruwa ya ɓata hanyar ƙauyen, ko ya isa Gembu sai ya sake neman abin hawa. Fetur dai maƙwabtansa sun ce za su haɗa masa, kowa ya tsiyayo ɗan abin da yake da shi, wasu suka ba shi abin da zai ƙara a hanya. Saura inji.

Na buɗe shi a gabansa. Zobe ya cinye, fistin ya yi zane-zane, cikin silinda ya faɗaɗa har kana jin gaɓa da farce. Wannan injin ba zai kai Gombe ba, balle ya hau dutse. Na shiga Kano na zagaya kasuwar kayan babur rumfa-rumfa, babu fistin irin nasa. A ƙarshe wani tsoho ya zaro mini na wani injin daban daga ƙarƙashin tebur, tsayinsa ɗaya, ramin fil ɗinsa ɗaya, sai dai ya ɗan fi shi faɗi. Ke nan sai an kai silinda wurin masu yankan bulok su faɗaɗa ta daidai da shi. Na kai, aka ce babu wuta. Na koma, aka ce akwai layi. Kwanaki suka tafi a haka. Malam Hamisu kullum yana bencin nan tun safe, ba ya cewa in yi sauri, sai dai idan na miƙa hannu ya sa mini sifanar da nake nema, don ya riga ya san su duka.

Da na ɗaura injin na taka, ya tashi da bugu ɗaya, da wata murya mai kauri da bai taɓa yi ba, saboda cikinsa ya ƙaru. Ƙarfin da na daɗe ina nema masa ya samu a lokacin da ba za a iya amfani da shi ba. Sabon zobe da sabuwar silinda sai sun saba da juna. A ƙa'ida sai mutum ya yi ta yawo a hankali a cikin gari na wani lokaci kafin ya ɗauki hanya. Na gaya masa tunda babu wannan lokacin, to a kan hanya zai yi sabon: kada ya wuce rabin totur, ya riƙa tsayawa a inuwa inji ya huce, idan ya isa Jalingo ya zubar da baƙin mai ya sa wanda na ɗaura masa a galan.

Ya daɗe yana kallon babur ɗin, sannan ya ce, "In na matsa masa fa, Ilu?"

Na ce, "Zai iya kai ka. Zai kuma iya kamewa a dajin da babu mai taimakonka, ka rasa gaba ka rasa baya. Ni ba zan ce maka zai kai ba."

Ya ce to, zai bi yadda na ce. Ya ɗaura galan da ɗan buhun shinkafa, muka yi addu'a, ya hau. Na tsaya a bakin titi ina jin yadda yake canja giya a hankali har ya ɓace.

Ya daɗe bai dawo ba, har aka fara yayyafa irin tumatir na sabuwar shekara. Ran nan da la'asar na ji ƙarar tun kafin in gan shi. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Na tashi na riƙe masa babur, tun kafin ya yi magana na yi masa ta'aziyya, don fuskarsa ta riga ta faɗa. Ya zauna, na aika aka kawo ruwa, ya sha, sannan ya ba ni labari yadda ya saba, daga farkon hanya.

Ya ce bai wuce rabin totur ba ko sau ɗaya. Motoci da ƙananan babura suna ta wuce shi. Ya tsaya a inuwar itatuwa ya fi a ƙirga, yana zaune yana jiran ƙarfe ya huce. A Jalingo ya canja mai, ya ga ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli a cikin tsohon, kamar yadda na ce zai gani. A gindin dutse ya shimfiɗa ƙyalle ya sauke allura. Hawan kuwa, ya ce tunda yake zuwa bai taɓa jin daɗinsa kamar wannan karon ba, babur ɗin yana ja kamar ba a kan dutse yake ba. Da ya karyo kwanar ƙauyen sai ya haɗu da maza suna dawowa a jere, da fartanya da makara babu kowa a kai. Ɗalibin da ya kira shi ne ya fara gane shi. Suka juya da shi makabarta. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba.

Matar yayan nasa ta gaya masa cewa a kwanakin ƙarshe Malam ya riƙa sa yara su yi shiru, yana karkata kai wajen kwari. Ran nan aka tayar da injin niƙa a ƙauyen ƙasa, wata 'yarsa ta ce ga Baba Hamisu nan, ya ce a'a, ba shi ba ne. Da safen da ya rasu ma ya tambaya ko an ji wani abu.

Da ya kai nan sai ya ce, "Injin bai yi laifi ba, Ilu. Kai ma ba ka yi ba. Kwana ne ya ƙare."

Mutane sun sha tambayata ko da ya matsa wa babur ɗin da ya tarar da ɗan'uwansa da rai. Ban sani ba. Na ga sabon inji da aka matsa wa ya jure, na ga wanda ya kame kafin a kai Kwanar Dangora. Da yau za a sake kawo mini irin wannan aikin, abin da na gaya masa shi zan sake faɗa. Wannan yana cikin sana'ar da kuke cewa kwancewa ce da ɗaurawa: mutum zai tsaya a gabanka ya tambaye ka abin da ƙarfe zai iya, ka ba shi amsa, ya ɗauki amsarka ya tafi da ita.

Bayan dawowarsa ba da jimawa ba ya sake zuwa, ya ce dashen tumatir ya matso kuma ba shi da injin ban ruwa. Ya sami tsohon kan famfo a wurin wani, babu inji. Ya tambaye ni ko injin babur ɗin zai iya juya shi. Na ce zai iya, amma sai an cire shi daga jikinsa, kuma idan aka yi haka da wuya ya koma. Na ce ya ƙara tunani, ko a jira a ga yadda shekara za ta yi. Ya ce ya gama tunanin tun a hanya. Iyalin yayansa mutanen can ne, suna cikin danginsu, ɗaliban Malam kuma sun riƙe makarantar.

Aikin ba ƙarami ba ne. Injin babur iskar tafiya ce take sanyaya shi, idan ka kafe shi wuri ɗaya zai yi zafi ya ƙone. Na nemo fankar tsohuwar mota na haɗa ta da bel tana hura masa iska. Na sa mai walda ya yi masa gindi na ƙarfe, na ja sarƙa daga injin zuwa kan famfo, na rataye tankin a sama da shi. Ranar da zan kwance notikan da suke riƙe injin a jikin babur, Malam Hamisu ya ce zai je ya duba wani abu a kasuwa. Bai dawo ba sai da na gama, gangar jikin tana jingine a bango, tsakiyarta fayau.

Muka ɗora injin a amalanke muka kai gonarsa. Muka kafa shi a bakin kanal, muka jefa tiyo a ruwa, muka cika kan famfo. Na taka, ya tashi. Tiyon ya kumbura, ruwa ya fito da ƙarfi har ya fasa bakin kwamin shuka na farko, ya kwashe dashen da ke ciki. Injin ya fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba. Na riƙa sassauta totur, ina sassautawa, har ya dawo ƙasa-ƙasa, kaɗan ya fi na babur da yake tsaye yana jiran mai shi. A nan ruwan ya daidaita, ya bi kwami yana shiga a hankali.

Malam Hamisu yana tsaye da fartanya, ƙafafunsa cikin taɓo. Ya duƙa ya tsinci wata 'yar waya a ƙasa, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ɗaure totur ɗin a nan, Ilu. Babu sauran inda za mu."

Na karɓa na ɗaure.